Ranar da Yayata Ta Hana a Kai Ɗanta Bakin Tafki

Shekarun baya, gab da samun 'yancin kan ƙasarmu, ina ɗalibi a lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, yayata ta dawo gidanmu na Gidimuni goyon cikin fari. Da na zo hutu na tarar ƙafafunta sun kumbura, fuskarta ma ta cika. Tsofaffin gida suka ce alamar namiji ce, suka ƙara mata kunun kanwa. Kanta yana sara, tana gani dishi-dishi, amma ba ta faɗa wa kowa ba, domin mai cikin fari ba ta kuka da ciki. Ni kuwa, da duk karatuna, abin da na iya ce mata shi ne ta yi ƙiba.

Wata safiya ta faɗi a gindin turmi tana jijjiga. Aka ɗora ta bisa buhunan gyaɗa a motar wani Bakano, sai asibitin Damagaram. Ni na yi tafinta, domin lokotoro, wato likita, Faransanci yake ji. Ya ɗaura mata abin awo a dantse, ya ce jininta ya hau ƙwarai, kuma irin wannan hawan jini yana tauye abin da ke isa ga ɗan da ke ciki. Allah ya tashi kafaɗunta, ta haifi bakwaini, ɗan mitsitsi, wanda bai yi kuka ba sai da aka sha fama.

Yaron ya rayu, amma komai nasa a makare yake zuwa. Bayan yaye aka kawo shi wurin mahaifiyata, bisa al'ada. Sa'o'insa suna guje-guje a tsakar gida, shi ko zama sai an tokare shi da tsummoki. Surukar yayata ta yanke hukunci cewa ɗan ruwa ne, aljanu suka musanya shi. Maganinsa a kai shi bakin tafki, a ajiye shi da ƙwaryar fura, a juya baya, ruwa ya karɓi abinsa.

A shekarar da aka sauke tutar Faransa, wata rana da hantsi, ina gida hutu, surukar ta iso gidanmu da mata biyu da ƙwaryar furarsu. Mijin yayata yana cin rani a Kano, mahaifinmu ya rasu, mahaifiyata kuwa sai hawaye. Yayata, wadda ta zo ganin gida, tana cikin ɗaki. Na tare ƙofar zaure, na zuba bayanin lokotoro, rabi da Faransanci, har da ɗaga yatsa.

Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗan lakwal, gemu bai fito maka ba har ka san jinin mata? Ba ni hanya, tun ba ka da wando na san ka."

"Iya, ba zan gusa ba," na ce.

Sai yayata ta fito. Tun da ta yaye yaron ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai "yaron nan", don kunyar ɗan fari. Ran nan ta kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Ta ɗauke shi daga tabarma, ta goya shi, ta tamke majanyi.

"Iya, ki gafarce ni," in ji ta. "Shiru na yi kaina yana sara, har muka kusa mutuwa ni da shi. Ciwona ne ya taɓa shi, ba aljani ba. Wanda zai kai shi ruwa sai ya haɗa da ni."

"Ke! Ɗan farin? A gabana? Ina kunyarki?"

"Na yi ta, Iya. Na ga abin da ta jawo mini."

Tsohuwar ta tofar da yawu, ta juya. Matan suka bi ta da furarsu.

An daɗe ana kiran yayata marar kunya a garin, har wasu suka daina gaishe ta. Ba ta ba kowa haƙuri ba, ni ma ban bayar a madadinta ba. Ina girmama al'adunmu, amma duk al'adar da za ta rufe bakin mai ciki alhali jininta yana hawa, ba ni tare da ita. Shi ya sa har yau nake tambayar matan danginmu lafiyar cikinsu kai tsaye, ko da za a ce ba maganar namiji ba ce.

Yaron ya yi tafiya, ko da yake yana jan ƙafar hagu, harshensa kuma da nauyi. Ya fara allo, a hankali yake biyawa, amma yana biyawa. A garinmu 'ya'yan fari ba su cika kiran uwarsu uwa ba. Shi kam daga ƙofar gida yake ƙwala mata "Inna", ita kuma ta amsa, kowa yana ji.