Izinin Ɗaga Murya

A gidanmu na Tudun Wada ba a ɗaga wa na gaba murya. Baba malami ne, yana ba da karatu a zaure bayan la'asar, kuma ya hore mu da rusunawa kafin mu yi wa babba magana. Ni abin ya zo mini daidai, don dama ba ni da yawan surutu. Ƙanena kuwa ƙwallo ya zaɓa, a baya yake wasa, lamba biyar.

Ina aji uku a jami'a, reshen Kongo, wata ƙungiyar ƙwararru ta zo Zariya atisaye kafin a fara gasa. Suka ɗauke shi gwajin mako huɗu. In ya ci za a ba shi kwantiragi. In bai ci ba, ya riga ya yi wa Baba alkawarin ajiye takalmin ya koma shagon ɗinkin kawunmu a Tudun Jukun.

Nakan je kallo bayan lacca, in zauna can gefe. Ba mai wuce shi da ƙwallo. A mako na uku aka yi wasan sada zumunci, ya hango ɗan wasan gaban abokan karawa yana sulalewa ta bayan kyaftin, wanda ke tsaron baya tare da shi. Kamata ya yi ya daka tsawa kyaftin ya matsa gaba, mutumin ya faɗa satar gida. Sai ya matso kusa ya ce, "Yaya kyaftin, don Allah in ba damuwa..." Bai ƙarasa ba ƙwallo ta shiga raga.

Koci ya kira shi a gaban kowa. "Ƙafa kana da ita. Amma lamba biyar shi ne bakin ƙungiya. Ranar Asabar in ban jiyo muryarka daga benci ba, ka tafi gida."

Da yamma ya kasa cin tuwo. Inna ta tambaye shi, ya faɗa mata.

"Inna, kyaftin ɗin nan 'ya'yansa uku. Golan ma har da furfura a gemu. Yaya zan yi musu tsawa a gaban jama'a?"

"Kai da ka hana unguwa sakat da kuka kana goye?" in ji Inna. "Ina muryar ta tafi?"

Baba yana alwala a tsakar gida, ya ji komai. Sai da ya gama ya ce, "Idan liman ya yi mantuwa, na bayansa yana tuna masa da ƙarfi ko da sa'an ɗansa ne, ba a kiran wannan rashin kunya. In zuciyarka ta ƙi, je ka nemi izininsu tun kafin ranar. Yayanka ya raka ka."

Bayan sallar Juma'a muka sayi goro muka nufi masaukinsu a Gyallesu. Muka tarar da kyaftin da gola a kan tabarma suna shan lemo. Muka durƙusa. Na tsara jawabi tun a hanya, amma da na buɗe baki sai gaisuwa nake ta maimaitawa.

Kyaftin ya dubi goron. "Malam, in neman aure ne, 'yata ba ta gama firamare ba."

Ƙanena ne ya yi bayanin da kansa, kansa a ƙasa. Gola ya yi dariya har ya ƙware.

"Shekarata goma sha biyu a wannan sana'a," in ji kyaftin, "ban taɓa ganin wanda ya zo da goro don ya yi mini ihu ba. Na ba ka izini. Ka zage ni ma in ta kama, ban da iyaye."

Ranar Asabar filin ya cika. Minti goma na farko ban ji komai daga wajensa ba, na ga koci yana duba agogo. Can abokan karawa suka taso ta dama, lamba tara ɗinsu ya fara laɓewa a bayan kyaftin kamar wancan karon.

"Kyaftin, fito!"

Har masu gyaɗa da ke bakin ƙofa sai da suka waiga. Kyaftin ya yi taku biyu gaba, aka cillo ƙwallo, tuta ta tashi. Daga nan bakin bai ƙara rufuwa ba. Ya kora na hagu, ya janyo na tsakiya, ya ce wa gola ya bar layi ya kama abinsa. Ana saura kaɗan a tashi aka bugo kwana, ya tashi sama da kowa ya fitar da ita da ka. Su ƙanena suka ci ɗaya da nema.

Da aka busa tashi ya nufi kyaftin zai durƙusa ya ba da haƙuri. Kyaftin ya cafke shi ta hammata tun gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba, ya ja shi har gaban koci.

Ranar Litinin aka kawo takardar kwantiragin zaure. Na karanta ta sau biyu layi-layi, na fassara wa Baba, ya sa albarka, ƙanena ya sa hannu. Ran Laraba da hantsi motar ƙungiya ta tsaya a bakin layinmu, yaran unguwa suna rige-rigen ɗaukar jakarsa. Kyaftin ya leƙo ta taga ya gaida Baba, ya nuna wa ƙanena kujerar da ya ajiye masa kusa da tasa.