Sha'ir a Bakin Rijiya

Ƙamshin kunun sha'ir ne ya tashe ni ranar, kamar na alkama amma da ɗan ƙauri. Kawu ya sayo hatsin a shagon magungunan Musulunci, saboda Kaka da ta daina iya cin tuwo. Ni a littafi kawai na san sha'ir. Mun sha karanta sunansa a zauren Baba, a babin zakkar fidda kai, amma ko Baba bai taɓa riƙe shi a hannu ba.

Kafin a daka ragowar na ɗebi tafi guda, da ƙaiƙayinsa, na shuka a bakin rijiya, daidai inda Gwaggo, ƙanwar Baba, take zuba alayyafonta duk shekara.

"Ke 'yar boko, wa ya ba ki wurin nan?"

"Ba kowa, Gwaggo."

"Abincin Larabawa a unguwar Limancin Kona? In ya fito ki kira ni in yi masa marhabin. Juma'a ta sama zan kafce wurina."

Ban saba musu da manya ba. Ni ce wadda in an aike ta take tsayawa kallon tantabaru. Amma ran Juma'ar na shimfiɗa tabarma a gaban shukar na zauna. Gwaggo ta iso da fartanya.

"Tashi."

"Sai dai ki kafce da ni."

Ban motsa ba. Ta kai ƙarata zaure. Baba ya shigo da niyyar faɗa, sai idonsa ya sauka kan tsiron, siri-siri kamar allurai. Ya tattare riga ya tsuguna, ya daɗe.

"Ashe haka yake," ya ce. "A bar mata."

Gwaggo ta daina amsa gaisuwata. Kaji suka cinye rabi. Na kewaye sauran da kara, ina ba shi ruwa da guga har sanyi ya wuce, ya fitar da zangarniya mai dogon gashi kamar gashin bakin kyanwa. Abin da na girbe bai cika ludayi ba.

"Ko kaza ba za ta ƙoshi da wannan ba," in ji Gwaggo.

Na hana a dafa. Iri ne, kuma wurin ya zama nawa.

Sai a jami'a na karanta cewa asalin sha'ir ciyawar daji ce a wajajen Sham da Iraƙi, wadda da ta nuna sai zangarniyar ta farfashe, ƙwayar ta zube ƙasa. Wanda ake nomawa yau ya fito ne daga 'yan tsirarun da ba sa sakin ƙwayarsu, sai an zo an yanke su.