Ƙofar da Yaya Ya Toshe

Yayana mai facin taya ne, kuma haka duk layinmu ke kiransa, Mai Faci, har jikokinsa idan sun so tsokana. Na buɗe ido na gan shi tsugune gaban baho, yana dulmiya robar cikin taya a ruwa yana jiran kumfa. Da hannunsa ya faɗa, sai ya daina neman bahon. Lasar bayan hannunsa yake yi, ya bi robar da shi a hankali, ido a rufe, inda ya ji sanyi-sanyi to nan hujin yake. Ni dai abin ƙyama yake ba ni. Nakan ce, "Yaya, wannan ƙazanta fa?" Ya ce, "Auta, ƙazantar nan ce ta aurar da ke." Kuma gaskiyarsa ce, shi ya tsaya mini bayan rasuwar mahaifinmu.

Da facin nan ya gina gida, ɗakuna a sama, gareji a ƙasa, ko da yake motar da aka yi garejin dominta ba ta taɓa zuwa ba. Matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse. Ni ma da maigidana ya rasu sai na dawo wurinsa, muka zauna muna cacar baki kamar da. Da gwiwoyinsa suka ƙi hawa bene, ya sa aka sauko masa da gado gareji. Na yi faɗa har na gaji. Shi kuwa daɗi ya ji, don ƙofar garejin titi take kallo. Da hantsi zai tura ɓari ɗaya ya buɗe, abokinsa Tela ya jawo benci, sauran tsofaffin layi su taru, a yi ta musu a kan abin da bai shafi kowa ba.

Ƙofar ta ƙarfe ce mai ɓari biyu, ta tsufa ta karkace. Ta ƙasanta kyanwa na wucewa ba tare da ta sunkuya ba. Tsakiya akwai tsaga, gefe da gefe inda ta haɗu da bango ma haka. Ko a rufe take, wanda ke ciki yana jin duk abin da ake yi a titi, mai wucewa kuma yakan kara baki a tsagar ya ce, "Mai Faci, an tashi lafiya?"

Sanyin da ya wuce ne tari ya kama shi, irin mai tasowa daga can ƙasan ƙirji. Muka kwana biyu a asibiti. Likita ya ce huhunsa ba zai ƙara ɗaukar iska mai sanyi ba, a kiyaye. Ɗansa na fari, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, ya zo ya tsaya a garejin yana kallon labule na kaɗawa alhali ƙofa na rufe.

Ya ce da ni, "Gwaggo, ke ma kina kallo? A nan za a bar shi?" Sannan ya durƙusa gaban uban. "Baba, na gyara maka ɗaki a wurina. Ka yi haƙuri mu tafi."

Yaya ba ya kama sunan ɗan fari, ko kallonsa sosai ba ya yi. Bango ya kalla ya ce, "Ni inda aka san ni nake so in mutu. A can wa zai bi gawata, mai gadi?"

Na ce, "Haba Yaya, wace irin magana ce wannan!" Amma na san ba wasa yake ba.

Yaron ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi. Suka yi ta ja-in-ja har suka tsaya a kan magana ɗaya: zai koma ya dawo, idan ya tarar iska na shigowa, Yaya zai bi shi ba gardama. Idan babu, ya zauna. Yaya ya ce ya yarda. Da yaron ya fita sai ya ce mini, "Duk rayuwata hana iska fita nake yi. Hana ta shigowa ne zai gagare ni?"

Ya aika tsohon wurin aikinsa aka kawo masa matattun robobi da gwangwanin gam. Yana zaune a kujera, ni ce mai miƙo almakashi, ni ce mai shan faɗa. Ya yanka robar dogo-dogo. Ya kankare tsatsar bakin ƙofa sai da ƙarfe ya yi fari, ya shafa gam, ya jira ya sha iska, sannan ya manna ya bi da gindin guduma yana dannawa. Ƙasan ƙofa ya ninka roba biyu ta kwanta a kan siminti. Idan ya gama wuri, sai ya lashi bayan hannun nan nasa ya bi gefen da shi. In ya ji ko ɗan numfashi ne, ya ɓare ya sake. Na ce, "Wannan ai ya yi." Ya ce, "Ke da ya yi! Da haka nake aiki da yunwa ta kashe mu."

Tsagar tsakiya ce ta ba shi wahala. Duk sanda aka buɗe ƙofar aka rufe, sai ɓari ɗaya ya goce, kafa ta dawo. Ya daɗe yana dubanta. Ƙarshe ya sa sakata sama da ƙasa, ya ɗauko roba mai faɗi ya liƙe ɓarin biyu tare, daga sama har ƙasa, kamar yadda yake rufe babban huji. Ba wanda ya ce masa kada ya yi, har ni.

Aiki kam ya yi kyau. Labule ya tsaya cik, ɗaki ya yi ɗumi, tari ya lafa. Yaron ya dawo ya bi ƙofar da tafin hannu, bai ji komai ba. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ka ci. Zauna abinka." Ranar Yaya har ƙarin abinci ya nema.

To, daga nan ne fa. Ƙofar da aka liƙe ba ta buɗuwa. Mai son ganin Yaya sai ya zagayo ta ƙaramar ƙofar gida, ya ratsa inda nake girki da shanya. Tsofaffin nan masu kunya ne. Tela ya shigo sau ɗaya yana ta sunkuyar da kai yana ba ni haƙuri, ya sake zuwa bayan kwanaki, shi ke nan. Benci ya koma ƙofar shagonsa. Masu gaisuwa ta tsaga suka zo suka tarar da baƙar roba. Wasu sukan ƙwanƙwasa su yi magana, amma kunnen Yaya ya yi nauyi, muryar ba ta ratsowa. Sannu a hankali aka daina.

Sai in shiga in tarar da shi zaune yana fuskantar ƙofar, hannu bisa gwiwa. Ya daina tsokanata, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Wata rana ya tambaye ni, "Auta, mai kayan miyan nan ya daina bi ta layin ne?" Na ce yanzun nan ya wuce yana ta ihu. Ya mayar da idonsa kan ƙofar. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na fita na yi kuka a gindin bene.

Washegari da hantsi ya ce in miƙo masa wuƙar aikinsa. Na gane. Na ce, "Yaya, ka san alkawarin da ka yi." Ya ce, "Na sani. Zaman da ba ka jin sallamar kowa, da nan da can duk ɗaya ne. Miƙo." Na miƙa masa. Ya tsaga robar daga sama zuwa ƙasa, ya zare sakata, muka tura tare. Tela na hango shi ya taso da bencinsa a ka, yana cewa, "Au, ashe kana raye?" Yaya ya yi dariya har da hawaye.

Kwanakin da suka biyo baya bai yarda an rufe ƙofar da rana ba. Tari ya dawo, ya fi na da. Ni na kira yaron a waya, kuma ban ɓoye wa Yaya ba. Ya ce, "Kin yi daidai." Da mota ta zo bai yi musu ba. Ya bi tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya ya nemi gafararsu, ya shiga ya zauna.

Bai kai ƙarshen sanyin ba. A can Allah ya karɓi abinsa, a ɗaki mai kyau, ɗansa na riƙe da hannunsa. Nan layinmu da labari ya iso, mutane suka cika garejin da titi har mota ba ta iya wucewa, kowa na tambayata yaushe za a kawo shi. Na ce an riga an kai shi. Daga baya na tambayi yaron ko an samu jama'a wurin jana'izar. Ya ce, "Gwaggo, sai da muka roƙi masu wucewa aka cika sahu."