Ranar da Muka Kai Yaya Kallon Gonar Rago

Littattafan tarihi cike suke da mutanen da suka ci birane da yaƙi, suka gina ganuwa, suka ƙetare hamada a kan raƙuma. Na karantar da labarinsu a aji har na yi ritaya, amma ban taɓa cin karo da wanda ya sa yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya sake shawara a kan gona ba. To, ni na yi, ranar Asabar ɗin da ta wuce, kuma ga yadda aka yi.

Mun tashi daga Kazaure da asuba, ana sallame salla, ni da wani maƙwabcina mai tsohuwar mota wadda ba ta tashi sai an lallashe ta, sannan an tura. Gwiwa muka nufa, don Yaya ya yanke shawarar sayar da gonar da mahaifinmu ya bari, ya tafi Kano neman aikin gadi. Dillali zai kawo mai saye ranar kasuwa. Ba na ganin laifinsa. Damina ta daina cika alkawari: ta makara, in ta zo ta zo da iska, iskar ta kwaso rairayi ta binne gero tun yana ganye biyu. Ya sake shuka, ya kuma sakewa, sai ruwan ya ɗauke a tsakiya. Wannan shi ne sauyin yanayi da ake ta faɗa a rediyo, sai dai a Gwiwa a rumbu ake ganinsa.

Abin da na sani, wanda ban isa in faɗa masa ba, shi ne gonar tamu ta yi tsafta da yawa. A wajenmu darajar manomi tana ga sassabe. Kafin ruwa ya sauka a bi gona da gatari, a sare duk wani toho na sabara da kalgo da gawo, a tara a ƙone, har ta yi fes kamar filin idi. Wanda ya bar tsiro a gonarsa rago ne. Yaya kuwa ya yi shekara da shekaru yana riƙe da kambun tsafta a unguwarsu, iska kuma tana shiga gonarsa ba sallama, don babu abin da zai tare ta. Bana kaɗai bai yi sassaben ba, wai ba zai yi wa mai saye wahala ba. Ƙane ba ya koya wa yayansa noma, balle ƙanen da ya ƙare rayuwarsa da alli a hannu. Amma akwai mutum guda a duniya da Allah ya ba lasisin faɗa masa komai: ɗan kawunmu na Babura, taubashinsa.

Hanyar Roni na da kyau da sassafe, duwatsu na fitowa ɗaya bayan ɗaya daga duhu. Amma ido ba ya rasa abin da zai ɓata masa rai. Buhunan gawayi jere a bakin titi, kowane buhu bishiya ce da aka yi wa jana'iza, ga kuma kwazazzabai da ruwa ya yanka suna matsowa kusa da hanya. Mun tsaya shan koko. Mai kokon ta rantse ba ta ƙara kuɗi ba tun bara, kuma gaskiya ta faɗa, ludayin ne ya ƙanƙance. Ƙosan kuma in ka ɗaga shi sama kana hango Gwiwa ta cikinsa.

Mun sami Yaya a ƙofar gida da carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce zumunci za mu je Babura, an daɗe ba a leƙa gidan Kawu ba. Wannan ma gaskiya ce, ko da yake ba duka ba. Ya ce, “Malam, kai da zumunci a bazara? Allah ya sa lafiya.” Ya sa babbar riga ya shiga gaba. Muna fita gari na hango gonar, toho ya yi kore nan da can a kan tsofaffin kututture. Ya kau da kai, kamar wanda aka ga ɗansa ba wando.

Daga nan muka yanko ta Achilafiya. Rana ta buɗe, zafi ya sauko, maƙwabcina ya ce na'urar sanyaya motar tana aiki, sai dai a sauke gilashi. Muka yi ta wuce masu babura ɗauke da jarkoki da awaki da mutane, wani lokaci duka a babur guda. Gonaki a share, an binne iri ana jiran ruwa, wata guguwa tana yawo a cikinsu tana kwasar ƙasar mutane. Yaya ya bi ta da kallo ya ce, “Ga takin wani can zai tafi Nijar ba fasfo.”

A Babura ana cinikin naira da sefa a bakin tasha kamar ana musayar gaisuwa. Taubashin namu yana fataucin dabbobi zuwa ƙetaren iyaka, a can ya ga abin da suke kira sassaben zamani. Bai bari mun zauna ba. Ya dubi Yaya ya ce, “A'a, sarkin shara! An ce ka share gonarka har ka share kanka daga cikinta.” Yaya ya ce, “Ni dai ban taɓa noma daji ba, ragon Babura.” Ya ce, “To taso ka ga dajin.”

Jama'a, na ga gona. Gawo da kalgo da aduwa tsaye a warwatse, wasu sun fi mutum, wasu sun yi inuwa. Ba dasa su aka yi ba, ba a kuma taɓa ba su ruwa ba. A kowane kututture ana zaɓar toho biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran, a ɗaura tsumma don a san na gida ne. Saiwar tana nan da rai a ƙasa tun zamanin kakanni, ko an sare ta bana za ta sake fitowa baɗi, ba ta fushi. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ba ya hana gero rana, ya kuma bar masa taki. Fulanin da ke kusa suna kawo shanu su ci 'ya'yansa da rani, su biya da kashi, kowa ya tashi da riba. Matan gidan sun daina tafiya mai nisa neman itace, rassan da aka rage sun ishe su.

Yaya ya ratsa cikin gonar. Ya tsuguna a gindin wani gawo, ya tona ƙasa da yatsa, ya damƙo, ya shinshina. Baƙa ce, ba irin farin rairayin da ya baro ba. Taubashi ya ce, “Ci mana, ba a hana baƙo.” Sannan ya ja mu rumbu ya buɗe. A wannan lokaci na shekara, da yawancin mutane ke awo a kasuwa, nasa da sauran damman gero. Ya ce shi ma ruwa ya yi masa wasa bara, bishiya ba ta kiran hadari, amma shukarsa ta farko ita ta tsaya. Yaya ya daɗe yana kallon rumbun, sannan ya ce, “Tsumman nan, kowane iri ne?” Na juya baya don kada a ga fuskata. An kawo fura da nono mai kauri, na sha kamar wanda ya ci zaɓe.

Mun mayar da shi Gwiwa bayan magariba. Kafin ya shiga gida ya aika wa dillali cewa gona ba ta sayarwa ba ce, ya kuma sa aka yayyaga masa wata tsohuwar riga. Ya ce da ni, “Malam, dama na daɗe ina wannan tunanin.” Na ce haka ne, Yaya. Muka kamo hanyar Kazaure, motar ma ba ta mutu ko sau ɗaya ba.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, ba mu da iko da hadari, amma muna da iko da gatari. Masu manyan masana'antu da suka ɗumama duniya suna da nasu alhakin, kuma a ci gaba da tuna musu. Kafin su ji, akwai daji a kwance ƙarƙashin gonakinmu yana jiran a ƙyale shi kawai. Na kuma gane cewa gaskiya ba ta rasa mai sani, mai faɗa take rasawa, don haka duk mai shirin wayar da kan manoma ya fara binciken waye taubashin wa. Gonar mahaifinmu ta tsira, Yaya ba zai yi gadin ƙofar kowa ba, kuma ina sa ran wata rana jikoki za su sha inuwa su ambaci sunana.

Da safe Yaya ya kira ni a waya daga gona, tsummokara a aljihu. Ashe muna Babura maƙwabta suka ga bai kamata gonar dattijo kamarsa ta zauna da datti ba, suka yi masa gayya. Sun sassabe ta tas. Toho ɗaya suka bari, wanda suka rataya gorar ruwa a kai.