Lambobin da Aka Tsinta a Bargon Jariri

Ranar wata Asabar ce, cikin hutun damina na shekarar da na gama aji biyar na firamare. Ina tsugune a bakin famfon gidanmu da ke Unguwar Dosa ina wanke-wanke, sai ga Inna Talatu ta faɗo mana tsakar gida, ko sallamar kirki babu. Tsohuwa ce daga Rigasa, uwar mijin maƙwabciyarmu Anti Rabi, ta zo taya ta jego. A hannunta akwai bargon jariri da Ummata ta ɗinka musu, an farke shi da reza daga wannan gefe har wancan. Ta yar da shi a kan tabarmar da Umma ke tsintar shinkafa, ta buɗe tafin hannunta, sai ga 'yan guntayen takarda, kowanne da lamba a jikinsa. Ta ce, "Maman Hafsatu, mene ne wannan kika ɗinke wa jikana a ciki?" Anti Rabi na tsaye a bayanta da goyo, idonta a ƙasa. Ni kuwa na saki kwanon da ke hannuna cikin ruwan kumfa, don na san takardun nan sarai.

Umma tela ce ta cikin gida, kekenta na baranda kusa da ƙofar kicin. Ita da Anti Rabi katanga ɗaya ta raba su, amma ka ce uwa ɗaya ta haife su. Duk abin da aka dafa a gidanmu sai kwano ya tsallaka, kuma ba ya dawowa fanko. A shekarar nan ne ƙanwar Umma mai karatu a Zariya ta koya mata wani sabon salon ɗinkin bargo da guntayen atamfa. Zane ne ake bugawa a takarda, tauraro da aka rarraba gida-gida, kowane gida da lambarsa. Sai a ɗora ƙyalle a bayan takardar, a bi layi da keke, daga gida na ɗaya zuwa na biyu har a ƙare. In an gama a yage takardar a zubar, sai tauraron ya fito cif, ba karkata ko kaɗan. Aikina shi ne in bi shagunan telolin Kawo bayan an tashi Islamiyya, in kwaso ƙyallayen da za su zubar, in ware su kala-kala, in goge su da dutsen guga na gawayi. Ina yi ina ƙunƙuni, don ina jiyo ƙawayena a ƙofar gida suna 'yar carafke ba ni.

Matsalar duk tana wajen takarda. Ana son mai araha, don yagewa za a yi, kuma ana son siririya wadda allura za ta huda ta tsage da sauƙi, amma wadda firinta, wato injin buga zanen, ba za ta haɗiye ba. Umma kuwa mace ce da ba ta yarda da komai sai ta gwada. Ko tumatur za ta saya sai ta juya kwandon ta duba na ƙasa. Kowace takarda ta shigo gidanmu sai ta ɗaga ta ga hasken rana, ta murza ta a kunne, ta yagi gefenta. Mun gwada ta naɗin tsire, mun gwada ta cikin kwalin takalmi, har tsakiyar littafin lissafina bai tsira ba. Mai buga mana zanen wani ne Isiyaku, mai shagon kwamfuta kusa da tashar Kawo, mutum mai tsuke baki kamar an ba shi tsamiya. Shi yana zargin Umma so take ta kashe masa inji da takardun bola, ita kuma tana zargin so yake ya tilasta mata sayen tasa mai tsada. Kullum in za ta aike ni sai ta ce, "Ki tsaya a kansa, kada ki bari ya musanya miki."

Ana cikin haka Anti Rabi ta haihu kafin lokacin da ake tsammani, Umma kuwa ta riga ta ɗaura niyyar bargon taurari shi ne kyautarta ta suna. Na kai wa Isiyaku wata siririyar takarda, injin ya ja ta ya cukuikuye, sai da ya zaro ta guntu-guntu da tsinke yana zufa. Ya rantse ba zai ƙara sa wata takarda a injinsa ba sai farar takardar ofis mai kauri da yake sayarwa. Lokaci ya ƙure, dole Umma ta haƙura da ita. Ɗinkin ya yi kyau, wallahi har yau ban ga taurari kamar waɗancan ba, shuɗi da ruwan goro da fari. Amma wajen yagewa muka gane kurenmu. Takardar ta ƙi tsagewa a kan layi, in ka ja da ƙarfi sai zaren ya biyo ta. A tsakiyar kowane tauraro, inda ɗinki ya haɗu ya yi gungu, guntaye suka maƙale. Muka yi ta tsokano su da allura har yatsunmu suka yi tsami. Daga ƙarshe Umma ta ce a bar sauran, wankin farko zai narkar da su. Ta shimfiɗa auduga, ta rufe bayan da farin yadi, ta naɗe shi cikin leda tana murna.

Bayan suna jaririn ya kama kuka ba dare ba rana, irin kukan ciwon ciki da jarirai ke yi. An kai shi asibiti an ce ba komai. Inna Talatu kuwa ba ta gamsu ba, ta shiga binciken duk abin da ya taɓa jikin yaron. Tana shafa bargon ta ji wani abu na ƙaras-ƙaras a ciki, ta sa reza. Abin da ta gani shi ne takarda mai layuka da lambobi, an ɗinke ta a ɓoye cikin shimfiɗar jariri. A wurin tsohuwar da ta girma tana ganin hatimin da ake naɗewa cikin laya, wannan ba ya bukatar wani bayani.

Umma ba ta yi faɗa ba, kuma ni abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta jawo kekenta tsakar gida, ta ɗauko ragowar zanen da ƙyallaye, ta ɗinka tauraro guda sukutum a gaban idonsu, tana nuna gida na ɗaya da na biyu. Ta yage takardar, ta miƙa wa tsohuwar tauraron. Inna Talatu ta ƙi karɓa, ta ja gefen mayafinta ta ce, "To dama a gabanmu za ki yi na gaskiyar?" Umma ta juya ta dubi ƙawarta ta ce, "Rabi, ke ma?" Anti Rabi ta gyara goyonta, ta ce a yi haƙuri, hankalin kowa ne a tashe. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, suka fita suka bar mana bargon a ƙasa.

Kafin sati ya zagayo maganar ta gama layinmu. Ba wanda ya fito ya ce Umma ta yi sammu, sai dai mata biyu sun aiko a ba su atamfarsu ba a ɗinka ba, wai sun fasa. Wata da aka yi wa riga na gan ta da idona tana lalube haɓar rigar da yatsu kafin ta sa a jaka. A wajen 'yar galagala wata yarinya ta ce mini 'yar mai laya, na cika mata baki da ƙasa, aka kawo ƙara gida na sha bulala. Jaririn ya daina kukansa da kansa kamar yadda jarirai ke dainawa, amma aka ce ai don an raba shi da bargon ne. Umma ta ci gaba da aika kwano, tana cewa Rabi ba za ta yarda da shirme ba, kunyar surukarta ce kawai. Wata rana na kai dambu, na dawo na hau turmi ina ciro shanya daga kan katanga, sai na hango Anti Rabi da kanta tana juye shi a gaban kaji. Tsohuwar ta koma Rigasa tun tuni. Na sauko na faɗa wa Umma. Ta ɗauki buta ta shiga bayi, ta daɗe ba ta fito ba. Daga ranar kwano bai ƙara tsallakawa ba.

Takardar da ta dace ta zo daga baya. Abbanmu ne ya samo a wata maɗaba'a, ragowar takardar jarida da ba a buga komai a kai ba, kusan kyauta. Muna yanka ta daidai girman ta ofis, mu goge ta ta miƙe, Isiyaku ya riƙa sa ta ɗaya bayan ɗaya yana gunaguni. Tana tsagewa a kan layi tas, ko ɓurɓushi ba ta bari. Masu ɗinki suka dawo a hankali, amma Umma ba ta ƙara rufe bayan bargo ba sai mai shi ya zo ya ga cikinsa. Ita da Anti Rabi kuwa sai gaisuwar hanya, har aka yi wa mijin Anti Rabi canjin wurin aiki suka tashi.

Yanzu ni ma sana'ata ke nan. Ina da firinta a ɗakina, siririyar takarda kuma ana kawo mini ita har gida, mata suna yaba taurarin a waya ba wanda ke tambayar lambobi. Sai dai nakan yi kewar ƙarar keken nan a baranda, da lokacin da Umma ke ɗinki tana waƙa, tana leƙa katanga ta nuna wa ƙawarta abin da ta yi. Da na haifi 'yata ta fari, na roƙe ta ta ɗinka wa jikarta bargo. Ta zaɓi ƙyallayen da kanta, ta yanka, ta goge, ta jera su kala-kala, sannan ta turo mini su gabana. Ta ce, "Ɗinka da hannunki, Hafsatu. In yarinyar nan ta yi kuka, ba na so dangin mijinki su kalle ni." Na yi dariya don in mayar da abin wasa, ita ba ta yi ba. Ashe duk shekarun nan zargin bai bar ta ba.