Kaset Ɗin Mai Zanen Gini

A shekarar da ake rufe gari daga Litinin zuwa Juma'a, ba kasuwa ba tasi, mu mazan gidanmu na unguwar New Bell a Duwala mun koma zaman tsakar gida kamar masu jinya. Ni an sallame ni daga aikin akawu. Kawuna kuwa, ƙanen mahaifiyata, birkila ne da ya tsufa yana ɗora bulo a Duwala, amma ya yi wata da watanni ba wanda ya kira shi aiki.

Maƙwabcinmu maigadi ne a wani ofishin masu zanen gini a unguwar Bonapriso. Da aka rufe ofishin, patron ɗinsa, wato mai ofishin, ya bar masa na'urar bidiyo da kaset guda ɗaya. Ya kinkimo su zuwa gidanmu, don mu ke da talabijin. Duk mun ɗauka fim ɗin Indiya ne, har mata sun shimfiɗa tabarma. Bayan la'asar aka kawo wuta muka kunna.

Ba waƙa ba rawa. Wani tsoho ne mai farin gashi a zaune kan dutse a fili fetal, yana kallon ƙasa, wata murya tana bayani da Faransanci. Matan suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Kawu bai jin Faransanci sosai, sai ya taɓa gwiwata.

"Ɗana, me yake jira?"

Na ce, "Kawu, wai mai zanen gini ne, sananne a duniya. Wai ba ya ɗaukar fensir sai ya kwana uku a wuri, ya ga inda rana ke faɗuwa da inda iska ke bi."

Kawu ya yi tsaki. Bai gama tsakin ba aka shiga da mu cikin wani gini da tsohon ya zana.

Har yau ban iya kwatanta shi daidai ba. Zaure ne na jan bulo, ba fenti ba ado, dogo har sai mai ɗaukar hoton ya ɗaga kai, rufinsa a lanƙwashe kamar baka. Can sama an bar ƙofofi ƙanana a jere, haske na zubowa ta cikinsu igiya-igiya har ƙasa. Aka gaggauta hoton, muka ga hasken yana tafiya a jikin bango tun safe har yamma, kamar mai rai. Wata mata ta shigo da gajiyar yini a kafaɗarta, ta tsaya a tsakiya, ta kasa gaba.

"Tsayar! Tsayar!" in ji Kawu.

Maigadi ya danna. Kawu ya ja jiki a gwiwa har gaban talabijin, ya bi layin bulon da yatsa yana ƙirgawa a hankali. Ya daɗe. Da ya juyo, idonsa ya yi ja.

"Subhanallahi. Ba ƙarfe a bakan nan, ɗana. Bulo ne ke riƙe da ɗan'uwansa. Irin bulon da nake ɗorawa ne fa. Ni tunda nake, toshe rana nake yi. Ban taɓa sanin ana gayyatar ta ba."

Sau huɗu muka maimaita kafin a ɗauke wuta.

Kwana uku Kawu yana zaune a ƙofar ɗakin kakata, mahaifiyarsa, wanda ya fi kowane ɗaki duhu da zafi a gidan. Rana ta huɗu ya hau tsani da guduma, ya fasa ramuka bakwai a jikin bango, a ƙarƙashin kwano. Ruwan farko da aka yi, irin na Duwala, ya jiƙa mata katifa sharkaf, ta yi masa faɗa kamar ɗan yaye. Ya sake hawa, ya karkata bakin kowane rami waje, ruwa ya daina shiga.

Wata safiya na kai mata koko, na tarar da ita ta miƙa tafin hannunta cikin ɗaya daga igiyoyin hasken, tana juya shi. Ta ce in kira mata Kawu. Da ya zo ya durƙusa, ta ce ya ƙara biyu ta wajen gabas.