Hammajoda da Karen da Ba Ya Jin Hausa

An haifi Hammajoda a wata ruga da ke kusa da Inkil, a zamanin da mai shiga garin Bauchi daga can sai ya ratsa daji. Ba a rana ɗaya shanun gidansu suka ƙare ba. Ciwon huhu ya ɗebi wasu, hidimar aure da ta asibiti suka ɗebi wasu, har ya wayi gari da sanda a hannu babu abin korawa. Sai ya sauka a Tirwun, ya kama fartanya yana magidanci, ya shiga noman masara da gyaɗa a gindin dutse. Waɗanda suka san shi a wannan zamani sun yi ittifaƙi cewa bai taɓa son noma ba, kuma bai taɓa fashin zuwa gona ba.

Ɓarnar birai ce ta sa ya fara ajiye kare. Sai da ya tambayi limamin unguwa, liman ya ce karen tsaron gona babu laifi, muddin ba a bar shi yana sa baki a ƙwaryar mutane ba. Karnuka suka zo suka wuce. Na ƙarshensu shi ne Duna, baƙi mai farin ƙirji.

Da Fillanci kaɗai Hammajoda yake yi masa magana. Tun da matarsa ta rasu, babu wanda ya rage a gidan da zai amsa masa da harshen da aka raine shi da shi. 'Ya'yansa suna ji sama-sama, su mayar masa da Hausa, jikoki kuwa dariya suke yi. Saboda haka daga hantsi zuwa la'asar, a tsakanin kunyoyin masara, Duna ne yake sauraron labarin shanun da suka shuɗe, da sunayensu, da mashayar da yanzu aka gina gidan mai a kanta. Babu mai iya rantsuwa a kan abin da karen ya fahimta a ciki. Abin da maƙwabta suka shaida shi ne, idan ya tasam ma biri ko akuya, kalma ɗaya daga bakin mai shi, "accu", wato "bari", takan tsayar da shi cak.

Gari ya yi ta matsowa. Gonaki suka zama fulotai, fulotai suka zama gidaje masu katanga, birai suka koma bayan dutse. Ana cikin haka, wata damina, ɓarin jikin Hammajoda na dama ya shanye. Ya dawo daga asibiti yana jan ƙafa, harshensa ya yi nauyi. Magana tana nan garau a zuciyarsa, amma da ta iso baki sai ta fito a dame kamar kunu. 'Yarsa Hamsatu, malamar firamare, ta dawo gidan don jinyarsa.

Duna ya ci gaba da zuwa gona shi kaɗai, yana tsaron iyakar da tuni aka sayar da rabinta. Aka ɗaure shi, ya tauna igiya. Aka sa masa sarƙa, ya yi ta kuka har unguwa ta roƙi a kwance shi. Daga nan ya yaga kunnen akuyar Alhaji Abdulmuhaimin, ma'aikacin gwamnati mai ritaya da ya gina gida a tsohuwar gonar, washegari kuma ya tare matar Alhajin a ƙofar gidanta. Ƙara ta kai gaban mai unguwa Bakari.

Bakari Babarbare ne, abokin wasan Hammajoda na gado, kuma tare suka tsufa. Da kansa ya zo, ya zauna a bakin tabarmar majinyacin.

"Bawana, ashe karenka ya gaje ka," in ji shi. "An sayar da ƙasa, shi yana cewa ta kakansa ce. Taurin kan Fulani har dabba ba ta tsira ba."

Hammajoda ya so ya tambaye shi tun yaushe bawa yake yi wa ubangidansa shari'a. Gurnani ne ya fito, sai ya yi murmushi da rabin baki.

Bakari ya sassauta murya. "Ga yadda za a yi, Hamma. In akwai mai iya tsayar da shi a gidan nan, a gabana da gaban Alhaji, ya zauna. In babu, Andrawus mai sayen karnuka zai zo. Ni ma ba da son raina ba."

Kowa ya san inda karnukan Andrawus suke ƙarewa: a tukunya.

Hamsatu ta ɗauki aikin a kan sauran ayyukanta. Da safe, bayan ta yi wa mahaifinta wanka ta ba shi koko, sai ta tsaya a tsakar gida da ƙanzo a hannu tana maimaita wa Duna kalmar nan, "accu". Tsohon kuma yana girgiza kai, domin tana jan ta yadda Bahaushe yake ja.

"Baba, haka fa na faɗa!" in ji ta. "Ni da na kasa sa 'yan ajina su yi shiru, yanzu kare aka ƙara mini."

Wata rana Duna ya bi umarninta, wata rana ya yi hamma ya kwanta. Hammajoda yana lura da yadda take zama a bakin murhu bayan haka, takalmin makaranta a ƙafarta, ta daɗe ba ta motsa ba.

Ranar gwaji, bayan la'asar, aka fito da Hammajoda a kujera zuwa bakin gonar. Alhaji Abdulmuhaimin ya jawo akuyar nan mai yagaggen kunne ta gefen masara. Duna ya zabura.

"Accu!" Hamsatu ta ɗaga murya.

Karen ya rage gudu, ya tsaya, ya waiwayo. Ba ita ya duba ba, kujerar ya duba. Hammajoda ya san ko tari ya yi, Duna zai dawo, Bakari kuma zai yi kamar bai ji tarin ba. Amma tsohon ya kuma san ƙafarsa ba za ta sake taka gonar nan ba, ga yaran sababbin gidaje suna bi ta wurin zuwa Islamiyya, kuma duk abin da ya faru 'yarsa ce za ta je ba da haƙuri. Sai ya sunkuyar da kai. Duna ya ɗan jira, sannan ya afka wa akuyar, sai da sandar Alhaji ta raba su.

"Kun gani da idonku," in ji Alhaji yana haki. "Ya ji sarai. Raina ta ya yi."

"Ba raini ba ne, Alhaji," in ji Hamsatu a gajiye. "Tambaya ya yi, ba a ba shi amsa ba."

Bakari bai yi wa kowa wasa ba a ranar.

Andrawus ya zo da hantsi, da kejin ƙarfe a bayan babur. Duna ya shige ƙarƙashin rumbu ya ƙi fitowa. Andrawus ya ɗauko sanda mai zarge a kai, ya juya ta a hannu, sannan ya durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, in na sa masa wannan zai wahala. Ka yi masa magana mana."

Hammajoda ya daɗe yana tattara harshensa. "Dillu" yake son cewa, wato "tafi". Abin da ya fito ya karkace ƙwarai, ko mutumin ruga da wuya ya gane shi. Duna ya fito daga ƙarƙashin rumbu, ya kaɗe ƙasar jikinsa, ya tsaya yana kallonsa. Tsohon ya sake faɗa. Karen ya juya, ya nufi ƙofa a hankali, Andrawus yana biye da shi da sandar a saɓe.

"Baba, me ka ce masa?" Hamsatu ta tambaya.

Hammajoda ya buɗe baki zai gaya mata da Hausa, ya ji aikin ya fi ƙarfinsa, sai ya yi mata alama da hannun hagu ta mayar da shi ɗaki.